Kwanakin da Shafau Ta Goge

Fitilun hular suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, shuɗi-shuɗi, har suka zagaye kan Ramlatu. Yarinya ce 'yar shekara shida, barci ya ɗauke ta bayan ta kwana huɗu tana birgima da ciwon sikila. Mahaifinta, Haladu, yana tsaye a bayan gilashi da jaka a kafaɗa, domin saura awa ɗaya jirgin ƙasan da zai mayar da shi wurin aiki ya tashi.

Shafau ake kiran hular. A wancan zamanin, a birnin Sabuwar Tiga, motoci sun daina buƙatar direba, likitoci kuma sun iya gyara jinin mai sikila tun daga ɓargo. Sai dai layin yana da tsawo, yaro kan yi shekaru yana jira. Kafin nan ciwo zai yi ta zuwa, ko ya lafa kuma yakan bar tsoro a baya. Yara su daina wasa, wasu su ƙwalla ihu da ganin farar riga. Aikin Shafau shi ne ta bi ƙwaƙwalwa, ta gano duk abin da ya shiga cikinta tun ranar da aka kwantar da yaro, ta goge shi tas. Minti ashirin, yaro ya farka yana neman abinci.

Kafin zuwan Shafau akwai wani ɗaki a asibitin, mai tabarmi da fensiran kala, inda wata dattijuwa, Inna Delu, take zama da yaran suna hira a kan abin da ke ba su tsoro. Hanyarta tana cin watanni. Da hular ta zo aka mayar da ɗakin ma'ajiyar batura. Ranar da Inna Delu take kwashe kayanta ta iske Haladu zai sa hannu a takardar amincewa.

"Ɗan nan, ka yi tunani," ta ce. "Ba ciwo kaɗai ke faruwa a kwanakin ciwo ba."

"Inna, ba ki ji kukan Ramlatu jiya ba ne," in ji shi. Ya dangwala yatsa.

Haladu a gonakin hasken rana yake aiki, can cikin sahara, yana kula da na'urorin da ke wanke faifan lantarki. Dokar kamfanin ita ce ba a ba ma'aikaci hutu sai ɗansa yana kwance a asibiti. Saboda haka duk zuwan da yake yi gida, zuwan ciwo ne. Sau goma sha tara ya zo cikin shekara shidan da suka biyo baya. Da ya shigo Ramlatu takan ɓuya a bayan uwarta, Lantana, amma da ciwon ya tsananta sai ta liƙe masa. Shi ke goya ta yana zagaya baranda, shi ke gasa mata ƙafafu da tawul mai ɗumi. In ta samu sauƙi ya koya mata dara da ƙwallon dabino. Ya lura kowane zuwa sai ya sake koya mata daga farko, amma bai ɗauki abin da zafi ba.

"Ba ta tambayarka fa," Lantana ta taɓa ce masa a waya.

"Ƙuruciya ce," ya ce. "Ai dai ba ta firgita, ko?"

Tana shekara goma sha biyu layi ya iso kanta, aka gyara mata jini, ta warke sarai. Haladu ya ajiye aiki ya dawo gida gaba ɗaya. Ramlatu ta durƙusa ta gaishe shi cikin ladabi, ta kawo masa ruwa, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. Haka aka yi wata biyu. Ta san fuskarsa daga waya, ta san sunansa, shi ke nan.

Wata rana da hantsi yana alwala a bayan kicin, ya ji tana cewa, "Umma, duk rashin lafiyar da aka ce na yi, me ya sa Baba bai taɓa zuwa ba?"

Ya ajiye butar a hankali. A ranar ya je wurin likitan da ke kula da hular, ya roƙe shi ya mayar mata da abin da aka cire, ko da ciwon ne a ciki.

"Malam Haladu, ba ajiyewa take yi ba," likitan ya ce, kansa a sunkuye. "Gogewa take yi. Mun auna tsoron yaran, mun ga ya tafi, muka yi murna. Ba mu auna abin da ya tafi tare da shi ba."

Ya nemi Inna Delu, aka ce ta rasu shekara uku da suka wuce.

Da la'asar ya kira Ramlatu baranda. Ya ba ta labarin duka: goyon, da tawul ɗin, da ranar da ta cije shi a kafaɗa don azaba. Har ya janye riga ya nuna mata tabon. Ta saurara sosai, hannuwanta a cinya, kamar mai jin karatu a aji. Daga can ƙasa ana jin ƙarar jiragen da ke kai sababbin huluna sauran birane, domin an ce a bana yara dubu arba'in za su amfana.

Da ya gama sai ta dubi tabon, ta dube shi. Ya ga tana ƙoƙarin nemo wani abu a ranta, don kada ta kunyata shi.

"Allah sarki," ta ce a ƙarshe. "Yarinyar nan ta yi dacen uba."

Ta nemi izini, ta tashi ta shiga ciki.