Kujerar da Mutum Dubu Takwas Suka Kalla

Wayarta ce ta faɗo daga kan keken ɗinki, gilashin ya tsage, shi ya kai ta shagon gyara. Mai gyaran ya ɗago kai daga teburin da ke cike da ƙananan sukurori.

"Ke ce mai koyar da yankan riga a bidiyo," in ji shi. "Jiya kin bar fanka a kunne, takardar awo tana ta guje miki."

Ta yi dariya. Daga ranar ya zama Injiniya, ita ta zama Zare.

"Zarena," ya rubuto mata wata safiya, "na kalli na yau sau biyu, har yanzu ban iya zura allura ba. Laifin malamar ne, fuskarta ta hana ni kallon hannunta."

Amma Baba yana da nasa zaɓin: ɗan amininsa, Mai Kamara, wanda ke ɗaukar bidiyoyinta yana ɗorawa a shafi. Cikin wata uku masu kallo suka tashi daga ɗari biyu zuwa dubu takwas.

"Wanda ya sa duniya ta san ki za ki bari, ki bi mai kwance waya?" in ji Baba. "Ban yarda ba."

Ana cikin haka abokan Mai Kamara suka riƙa kai wa Injiniya wayoyinsu, wai batir ba ya daɗewa. A kowace ya tarar da manhaja ɗaya da Mai Kamara ya sa musu, wadda ke sauke bidiyon Zare da kanta a ɓoye, ta goge, ta sake saukewa. Shafin kuwa duk saukewa yana lissafa ta a matsayin mai kallo.

Da ya faɗa mata, ta miƙe tsaye. "Kishi ne ya kai ka raina gumina? Kada ka sake kirana."

Sati biyu ba ta amsa shi ba, amma maganar ta ƙi barin zuciyarta. Sai a tsakiyar wani darasi ta ce, "Duk wanda ya kawo nan, ya rubuta mini launin zaren hannuna."

Mutum goma sha ɗaya suka rubuta. Na farko, Injiniya, ya ce: "Shuɗi ne. Kuma kin rame."

Ba ta yi kuka ba. Ta tuna darussan da ta yi tana gaishe da dubbai, alhali da wayoyi a aljihu take magana. Ta ƙudurta a ranta sai Mai Kamara ya ɗanɗani kunya, kuma a gaban wanda ya yaudara.

Ta kafa waya ta ɗauki kujerar shagonta, babu kowa a kai, minti ashirin cur. Ta sa masa suna "Yankan Wuyan Riga", ta ɗora da kanta.

Washegari ta bari sai da Mai Kamara ya zauna a falo ya gama gaisuwa.

"Yaya, na ɗora sabo ban jira ka ba. Ka gani?"

"Tun safe! Dubu takwas, Baba. Wuyan nan da ta yanka, ai ba ta taɓa yin irinsa ba."

"Har ƙarshe ka kalla?"

"Har ƙarshe."

Ta miƙa wa Baba wayar. Ya gyara tabarau. Minti ɗaya, kujera. Minti uku, kujera, sai wani ƙuda da ya sauka ya tashi.

"Ina wuyan?" in ji Baba.

"Ko ƙudan ne telan, Yaya?" ta ce a hankali.

Mai Kamara ya fita, har ya bar murfin kamararsa a kan tebur.

Baba ma abin ya ci shi, don ya san bai taɓa kallon ko ɗaya ba, lamba kawai yake nuna wa abokai.

"Wancan yaron, yana kallo?"

Ta nuna masa saƙon da ya shigo tun safe: "Zarena, minti ashirin na jira ki zauna. Ƙafar kujerar ta hagu tana rawa, zan zo da guduma in an yarda."

"Ce masa ya zo da manyansa," in ji Baba.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kan su biyun. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah ya sa ku riƙa kallon juna har ƙarshe."

"Amin," in ji Zare, tana satar kallon Injiniyanta.