Ruhusar Bindigar Zainu

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Barau ne ya daka tsawar, ya tura ƙofar gilashin da ƙafa ta rufe. Ƙarfe sha biyu saura na rana, a wani shagon zinariya da ke unguwar Sultana a Madina. Mutum biyu kacal a ciki: mai shagon, Sheikh Ubaidullah, tsoho mai gemu ja da lalle, sai wata Hajiya Iyatu da ke gwada awarwaro.

Babu wanda ya kwanta.

"Ɗan nan, gwiwata ba ta lanƙwasuwa," in ji Hajiya Iyatu. "Ko salla a kujera nake yi."

"Zainu! Nuna musu ƙarfen!"

Zainulabideen ya matso yana haki. Ƙaramar bindiga a hannun dama, koren fayil a hammatar hagu.

Haifaffen Madina ne, kakansa ne ya zo da ƙafa daga Haɗeja. Shekara tara yana aikin bin takardun mutane daga ofis zuwa ofis, har ya zama ko shayi ba ya saya sai an ba shi rasit. Iyayen Suhaila, yarinyar da yake nema, sun ce sai ya kawo saitin zinariya. Barau kuwa umara ya zo tun 1991, bai koma ba. Shi ya kawo shawarar, wata la'asar a gidan cin abinci a unguwar Ƙurban, suna dangwala burodi a wake, tare da Issoufou, ɗan Maraɗi mai tuƙa motar wani gida.

"Akwai ƙarfen tsohonka a durowa," in ji Barau. "Minti uku, mun fito."

"Ruhusarta, takardar izinin riƙe ta, da sunan marigayi take."

"To sai me?"

"Sai an mayar da ita sunana. Ka san hukuncin riƙe makami ba izini?"

"Kai dalla, fashi fa za mu yi!"

"Shi ya sa. Laifi ɗaya ya ishe mu."

Sati uku aka kwashe. Hoto shida. Takardar likita cewa hankalinsa ƙalau. Wasiƙar mai unguwa. Sa hannun magada, wato ƙanwarsa Najwa, wadda ta ja masa rai kwana biyar. Ranar da katin ya fito, Zainu ya sumbace shi a bakin ofis.

Yanzu ga shi a shagon, bindigar a hannunsa.

"Ba ni nan!" Barau ya miƙa hannu.

"Mamnu', doka ta hana. Ba a miƙa wa wani. Kai ko iƙama, takardar zama a ƙasar nan, ba ka da ita."

"Wallahi zan shaƙe ka! To harba sama su san ba wasa!"

"Da me?"

"Kamar ya da me?"

"Harsashi takardarsa daban. Sun ce in dawo bayan sati biyu."

Hajiya Iyatu ta cire awarwaron ta ajiye.

Sheikh Ubaidullah ya ja durowa a hankali. Ya fito da tasa bindigar, baƙa, mai nauyi.

"Tawa da harsashi," ya ce. "Hannu sama, 'yan banza!"

Barau ya ɗaga. Zainu ya ɗaga hannu ɗaya, don kada fayil ya faɗi. Ya leƙa bindigar tsohon.

"Ya ammi, baffa, da sunan wa take?"

"Ina ruwanka?"

"Tambaya ce kawai."

Gemun tsohon ya motsa. "Ta surukina ce. Ya bar min da zai koma Tabuk."

"Kun yi takardar mayarwa?"

"Mijin 'yata ne fa!"

"La haula! Ya ammi, idan shurɗa, 'yan sanda, suka shigo, kai za su fara tambaya. Ni tawa ga katinta."

Tsohon ya kalli wayar da ke kan kanta. Ya janye hannunsa daga gare ta.

"To yaya ake yi?"

"Da farko surukin zai zo da kansa, ko ya aiko da wakilci daga kotu. Kana da biro?"

Aka kira sallar azahar. Hajiya Iyatu ta gyara mayafinta, ta ratsa tsakanin bindigogi biyu, ta buɗe ƙofa.

"Ni dai na tafi. Allah ya shirye ku."

A waje Issoufou na cikin motar maigidansa, inji na aiki, yana duba agogo. An ce masa minti uku. An ci ashirin. Sha biyu da rabi ake tashin 'ya'yan uwargida daga makaranta, kuma ran da ya makara har maganar mayar da shi Nijar aka yi. Ta madubi ya hango motar shurɗa tana tahowa a hankali, masu shaguna na sauke ƙofofi. Ya ga wata tsohuwa ta tsaya a tsakiyar titi tana ɗaga jaka.

Ya saka giya. Bai ko waiwaya ba.

Saje Saif ne a motar shurɗan. Yana jin Hausa tsaf, a wurin kakarsa ya koya, amma da Larabci yake amsawa.

"'Yan fashi ne a shagon Ubaidullah," in ji Hajiya Iyatu.

"Da makami?"

"Ɗaya ba harsashi, ɗaya ba takarda."

"Me suke yi yanzu?"

"Rubutu."

A ciki, tsohon ya ajiye bindigarsa a kan gilashi don ya riƙe biro da kyau. Zainu na karanta masa. "Na uku, hoto shida, bango fari..."

Barau ya yi tsalle!

Ya cafke bindigar. Tsohon ya riƙo hannun rigarsa. Zainu ya yi kururuwa, "Kar ka taɓa, ba da sunanka..."

Tau!

Gilashi ya tarwatse. Zainu ya zube, ya dafe cinya, jini na ɓulɓula ta tsakanin yatsunsa. Takardu suka watse a ƙasa. Barau ya kwashi faranti guda na sarƙoƙi, ya banke ƙofa.

Ba mota!

"Issoufou! Ɗan iska!"

Ya yanka hagu. Silifa ɗaya ta tsinke. Ya yanka dama, ya faɗa lungu. Masallacin lungun ya cika, sahu ya fito har kan titi, bango zuwa bango. Ya yi ƙoƙarin tsallake mutum uku suna sujada. Ƙafarsa ta harɗe da wata dadduma. Sarƙoƙi suka tashi sama, suka zubo a kan bayan masallata.

Ba wanda ya katse salla. Wani ƙaton Basudane dai ya ɗora gwiwa a kan rigar Barau, ya ci gaba da tahiya. Sai da aka sallame Saif ya sa masa ankwa.

"Ba ni ba ne!" Barau na ihu tun kafin a tambaye shi. "Zainulabideen ne shugaba! Shi ya shirya komai! Ku duba, bindigar da sunansa, da hotonsa, da hatimi!"

Aka duba. Haka ne kuwa.

Likita ya ceto ƙafar, amma ta gajarce. Alƙali ya yi ta juya katin a hannunsa, ya ce tun da ya hau kujerar nan bai taɓa ganin ɗan fashin da ya zo da fayil ba. Ya ba Zainu shekara takwas. An kama Issoufou a ƙofar makaranta, ya yi shekara biyu, aka sa shi a jirgi. Sheikh Ubaidullah ya rasa bindiga, ya kwana uku a tsare, surukinsa ya daina gaishe shi. Suhaila ta yi aure kafin azumi. Mahaifiyar Zainu ba ta taɓa zuwa ziyara ba. Najwa ce ke kawo abinci, ta ajiye, ta tafi.

Barau, da yake shi ya yi harbi kuma shi ya fita da kaya, aka yanke masa hukuncin yanke hannun dama da ƙafar hagu. Aka ba shi kwana talatin ya ɗaukaka ƙara.

Bai iya rubutun Larabci ba. A duk ɓangarensu na kurkuku mutum ɗaya ne ya san yadda ake tsara irin wannan takarda, kuma kullum da safe layi ake yi a gabansa.

Ran kwana na ashirin da tara Barau ya shiga layin. Da aka zo kansa ya tsuguna, bai ɗago ido ba.

"Zainu."

Zainu na zaune a tabarma, sanda a gefensa. Ya kalle shi.

"Ka ce ni ne shugaba."

"Tsoro ne, wallahi. Gobe wa'adin ya cika."

Zainu ya jawo farar takarda, ya ja layi a gefe da tsinken ashana don rubutun ya miƙe. Ya rubuta shafi biyu, bai goge ko harafi ɗaya ba. Ya rubuta cewa bindigar da aka shiga da ita ba harsashi, harbin kuma a kokawa ya tashi, shi da aka harba ya shaida hakan, kuma ya yafe.

Ya buɗe gwangwanin tawada ya tura masa.

"Dangwala a nan ƙasa."

Barau ya miƙo hannun hagu.

"Na dama," in ji Zainu. "Ba sa karɓar na hagu."