Sakiyar da Ba a Yi Ba

Wanzami Jibo ya riga ya zaro ƙarfen sakiya daga wuta, na ɗaga hannu na runtse ido, sai na ji an banko ƙyauren zaure.

"Baba Jibo, don Allah dakata!"

Hadi ne, wanda zan aura, hula a hannu yana haki.

Wani ƙullutu ne ya fito min a hammata. Ciwon daji ne ya yi ajalin Innata, kuma tun da danginsa suka zo garinmu Turawa binciken asali, Gwaggonsa Tasalla ta kafe ba za a kai musu jinin masu daji ba. Shi ya sa na ɓoye, na ce a huda abin kafin kowa ya ji.

Ashe Zaituna, 'yar Gwaggon, wadda ake yi masa tanadin aurenta, ta tsinci zancen a gidan kitso, ta kai garinsu Rogo da zafinsa.

"Asma'u... ni za ki ɓoye wa? Ni da nake kwana nake tashi a kan ciwon nan?"

Gaskiyarsa. A ɗakin bincike yake aiki a Zariya. Ya sha gaya min akwai dajin da lalacewar ƙwayar halitta ke haddasawa, mai santsi kamar tarwaɗa, magani ba ya samun inda zai riƙe. Wurin riƙon suke nema.

"In irin wannan ne fa?" na ce ina kuka. "Kai ka ce babu maganinsa."

"Babu tukuna, sanyin idona. Amma in shi ne, wa ya fi ni dalilin nemowa?"

Asibitin Kano muka tafi, aka ɗebi tsoka aka auna. Ranar jin sakamako Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafarmu, ba za a yi mata rufa-rufa ba.

"Kitse ne ya taru, Hajiya," in ji likita yana duban Gwaggo. "Kuma yawancin daji ba gadonsa ake yi ba."

Na zauna a benci ina ta hamdala.

Gwaggo ta daɗe tana gyara mayafi.

"To ai sai ku cire mata. Amarya da ƙullutu a hammata, ta yaya za ta yi min daka?"

Hadi bai kama tarwaɗarsa ba har yau, yana nan yana fama.

Ranar biki kuwa, da hannuna na kai wa Zaituna alkaki, domin ba don bakinta ba da Baba Jibo ya ƙona ni a banza.