Muryar da Ke Lambar Mufida

Ko sallamar kirki Maniru bai yi ba. Ya kafe babur a ƙofar gidan su Bahijja a Boɗinga, ya miƙa mata waya, ya ce ta saurari aikinta.

Muryarta ce kuwa, a zauren WhatsApp da kwalejinsu ta horar da malamai ta buɗe musu don gwajin koyar da magana da Turanci. Ɗalibai su turo murya, ita ta gyara. Jiya wata murya ta yi ta shigowa daga lambar Mufida, ƙanwar Maniru, tana rawa tana lauye kalmomi. Bahijja ta ɗauka tsokanar dangin miji ce tun kafin a ɗaura aure, ta wanke ta tas a gaban kowa: in wasan tsofaffi ta zo yi, ta bar mutane su koya.

"Inna ce, Bahijja... Uwata kin ka ci ma mutunci!"

Sai haushi ya taso mata. Wato ya sani ya yi gum? Ya ce Inna ce ta hana a faɗa, don kunya. 'Ya'yan yayansa Auwal a Fatakwal aka haife su, ba sa jin Hausa, shi ya sa take koyo a ɓoye. Ya ƙara da cewa maganar aurensu a dakata tukuna.

Ji mutum! Ya haƙa rami ya rufe da tabarma, sannan yana tuhumar wanda ya faɗa. Ko kallonsa ba ta sake yi ba, ta zari hijabi ta hau motar Shagari, garin da Inna take.

Ta iske Inna Kande tana tsinkar zogale, ta zube gabanta tana kuka.

"Tashi, ɗiyata, malami ba ya durƙusa ma ɗalibi. Shi ko wancan, wa ya aike shi? Aure ba fashi."

Sai ta rage murya. Ta ce rannan a waya jikanta ya faɗi wata magana, ta riƙe ta a ka, ta rasa wanda za ta tambaya. Ta maimaita ta a karkace, tana murmushi, tana jiran fassara.

Bahijja ta gane sarai. Ashe yaron tambayar babansa ya yi: wace ce wannan matar?

Ta jawo tabarma kusa.

"Zauna, Inna. Yau amsarsa za mu koya."