Hitar da Na Gyara wa Hajiya

Shekara shida na yi a Malesiya, na dawo Dubai ba digiri. Na tarar jirgin ƙasa yana gudu a saman titi. Babanmu, Alhaji Ɗalhatu, ya bar Al Sabkha ya kama gida a Mirdif mai kwamin wanka a baya. Ƙanwata Wasila ta girma har tana jin nauyina. Hajiya kuwa gwiwoyinta sun ƙi, a zaune take sallah.

Likita ya ce ta riƙa takawa cikin ruwa mai ɗumi. Ga shi ƙarshen Janairu, ruwan kamar ƙanƙara, hitar da ke ɗumama ruwan kwamin kuma tun kafin su tare ta mutu.

"Zan kira kamfani," in ji Alhaji.

"Baba, injiniya fa na karanta."

"Farawa dai ka yi."

Kwana uku na yi a tsugune a ɗakin injin. Gishiri ya toshe bututun, elemen, ƙarfen da ke zafafa ruwan, ya ƙone. Sau biyu na je Al Ƙusais sayen sabo, don na farkon da aka ba ni bai shiga ba. Rana ta uku, gab da magariba, hitar ta kama. Na tari ruwan farko a bokiti, jawur da tsatsa, yana tururi, na watsa shi a lungun bayan injin. Ban yi bismilla ba. Tun muna yara Hajiya take hana mu wannan.

Ana kiran sallah tsakuwa ta faɗa cikin kwamin. Sai wata. Babu kowa a kan katanga.

Washegari da almuru ma haka aka yi. A rana ta uku muka sami Wasila zaune a ƙofar ɗakin injin, ta rungume hannunta na dama tana hura masa iska, tana kuka da muryar da ba tata ba.

Alhaji ya ɗauko Malam Sualah, mutumin Kumasi, mai gadi ne a wani sito, amma mahaddaci. Ya zauna gabanta bayan la'asar yana karatu a hankali har inuwa ta rufe ruwan. Sannan ta ɗago kai. Muryar tsohuwa ce.

"Shekara huɗu muna bayan injin nan. Ko cokalinku ba mu taɓa ba. Jikana yana kwance yaronku ya ƙona shi."

"Bai gan ku ba," in ji Malam.

"Da ya ambaci Allah da mun matsa."

"Yarinyar nan me ta yi miki?"

Ta juyo da idon Wasila kaina. "Wancan ya bar gidan."

"Ba ke ke da gida ba," in ji Malam. "Faɗi wani sharaɗin."

Suka daɗe suna ja. A ƙarshe ta ce kwana arba'in kada a kunna hitar, yaron ya warke su tashi.

"Halas, shi ke nan," in ji Malam. "Yalla, maza fita, ta ɗan yatsan ƙafa."

Wasila ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwan sha.

Na ƙirga a raina. Kwana arba'in, Maris ya shigo, rana ta ɗumama ruwan da kanta. Alhaji ya sa wa ɗakin injin kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

"In sanyi ya dawo zan kira kamfani," ya ce, bai dube ni ba.

Babu wanda ya ce in tafi. Ina ninke kaya a jaka Hajiya ta shigo tana dafa bango, ta zauna bakin gado da kyar.

"Mijinyawa, ruwan ya yi zafi kuwa?"

"Ya yi, Hajiya."

"To, ashe ka iya." Ta murza gwiwarta, ta miƙo mini fasfona da ke kan matashi. "Duk inda ka je, ka riƙa bismilla."