Karce a Jikin Akwatin Kifi

Ana gab da kiran magariba Malam Salahuddeen ya ga karcen farko. Siriri ne kamar silin gashi, a jikin akwatin kifin da ɗansa Ashraf ya aiko masa daga Legas bayan rasuwar mahaifiyarsu, wai ya riƙa ɗebe masa kewa. Akwatin ba gilashi ba ne, wata roba ce mai haske garau, wadda ko ƙwayar yashi kan yi mata tabo.

Gidan a Ƙofar Marusa yake, ɗaki shida, mutum biyu. Shi malamin makaranta ne da ya yi ritaya. 'Yarsa Zulaihat ma'aikaciyar jinya ce, ta fita da sassafe, ta dawo a gajiye. Tsakaninsu gaisuwa ce da kwanon tuwo.

Washegari ya kwashe kifayen a bokiti, ya tsiyaye ruwan. Ya jiƙa sanfefa mafi laushi, ya bi karcen a hankali har wurin ya dusashe, sannan ya ɗiga man goge fitilar mota a tsumma mai taushi, ya yi ta murzawa har haske ya dawo. Aikin ya ci masa yini. Yana yi yana magana shi kaɗai.

Bayan kwana biyu, sai ga karce uku. Ya shafa ta waje, sumul. Daga ciki suke.

Ya goge. Suka dawo. Daga nan tsakuwa ta fara faɗowa kan rufin kwano, kullum idan rana ta yi ja, kuma duk wadda ya tsinta jiƙaƙƙiya ce, alhali an yi wata huɗu ba ruwan sama. Gidan ya ƙara shiru. Ko kajin maƙwabta sun daina shigowa.

Ranar Laraba da yamma ya dawo daga masallaci, ya tarar da Zulaihat durƙushe gaban akwatin, ko kayan aiki ba ta cire ba. Hannunta na cikin ruwa, farcenta na bin robar.

"Zulai?"

Ta waigo. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne.

"Ka daɗe," in ji wata murya ta tsohuwa daga bakinta.

Bai tsaya sa takalmi ba ya tafi Ƙofar Kaura, ya zo da Malam Babaji, mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Malam ya zauna a tabarma ya fara karatu. Sai da ya kai tsakiyar sura jikin Zulaihat ya ɗauki rawa.

"Wace ce ke? Mi ya kawo ki gidan nan?" in ji Malam Babaji.

"Mai gidan ya kawo ni. Cikin yashin da ya ɗebo inda kududdufi yake a da, bayan gidan nan, ya zuba wa kifinsa. An cike kududdufin, an gina shaguna. Dangina duk sun tashi. Ni tsufa ya hana ni."

"To karcen fa?"

Muryar ta yi ƙasa.

"In na karce, yakan zo ya zauna. Yana gogewa yana ba ni labarin Hajiyarsa, da ɗaliban da suka manta da shi. Shekara ashirin ba wanda ya yi magana kusa da ni. Da ya fara tsoro ya yi shiru, sai na shiga yarinyar don in amsa masa."

Malam Salahuddeen ya sunkuyar da kai.

"Zalunci ne, ki ji tsoron Allah," in ji Malam Babaji. "Fita za ki yi."

"A bar ni kwana bakwai."

"Ko ɗaya."

"To a kai yashin inda ruwa ba ya ƙafewa. Kuma shi zai kai."

"Zan kai," in ji Malam Salahuddeen.

Zulaihat ta yi atishawa sau uku, ta sulale ƙasa.

Da safe ya ɗaure yashin a buhu, ya shiga motar Ajiwa, ya juye shi a bakin dam. Ya ɗan tsaya, bai san abin da ake cewa ba, sai ya yi sallama ya juyo.

Ya iso gida bayan la'asar, ya tarar da Zulaihat ba ta je aiki ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta dafa shayi.

"Baba, duk abin da ta faɗa ina ji," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni ban san yadda kuka haɗu da Mama ba."

Ya ƙaraso bakin tabarmar. Sannan ya tuɓe hula, ya zauna.

"A tashar Funtuwa ne," ya ce. "Ta zage ni tas."