Direban da Ke Rufe Yoyo da Ƙasa

A can wani ƙauye an yi wani direba mai tsohuwar mota, ita kaɗai ce a garin. Kullum da safe sai ya tarar da danshi a ƙarƙashinta. Sai ya waiga, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe, don kada a ce motarsa ta tsufa.

Maƙwabcinsa bakanike ya ce, "Malam, shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, mu ga daga ina take yoyo."

"Lafiyarta ƙalau," in ji direba. Ya tura ƙasa. Kashegari ma ya tura ƙasa.

Ran nan ciwo ya kama mahaifiyarsa, ya ɗauke ta sai asibiti. A tsakiyar daji injin ya yi zafi ya tsaya, babu ko ɗigon ruwa a lagireto. Kafin a samu wata mota, tsohuwa ta cika, kanta a cinyarsa.

Bayan addu'ar bakwai, ya shimfiɗa kwalin da kansa. Bakanike ya bi ɗigon da yatsa har bakin tiyon ruwa, ya ɗaure notin da ya saki, juyi biyu.

"Shi ke nan?" in ji direba.

"Shi ke nan, Malam."

Direba ya daɗe yana kallon ƙafar da yake tura ƙasa da ita.